Atlanta Braves a kakar 2021: lissafin da ke bayan farfaɗowar tsakiyar kaka

Ranar 10 ga Yuli, 2021, a birnin Miami, Ronald Acuña Jr. ya yi tsalle zai cafe ƙwallon da Jazz Chisholm na Miami Marlins ya buga can bayan fili, ya sauko a kan ƙafar dama, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. A lokacin shi ne gwarzon Atlanta Braves, ƙungiyar besbol ta Amurka, yana da homron 24 a wasa 82, wato sau 24 yana buga ƙwallo ta tsallake katangar fili. Kwana guda bayan haka aka tafi hutun tsakiyar kaka, ƙungiyar ta ci wasa 44, an ci ta 45, tana ta uku a rukunin gabas na National League. Duk wanda ya ce a ranar su tattara nasu ya nasu su jira baɗi, ba za a ce ya yi wauta ba. Amma ranar 30 ga Satumba su ne suka ɗauki kambun rukunin, ranar 2 ga Nuwamba kuma suka ɗauki World Series, babban kofin gasar gaba ɗaya.

An fi ba da labarin kamar abin al'ajabi: an sayo mutum huɗu, komai ya gyaru. Ba haka kawai abin yake ba. Akwai lissafin da shugabannin ƙungiyar suka karanta daidai, akwai gyaran da aka yi ba tare da surutu ba, akwai kuma faɗuwar abokan hamayya wadda ba hannun Atlanta a ciki.

Sai an fara da tsarin gasar, domin wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai iya ruɗewa. Babbar gasar besbol ta Amurka, MLB, tana da ƙungiya 30, an raba su gida biyu, National League da American League, kowane gida da rukuni uku, kowane rukuni da ƙungiya biyar. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kusan kullum ke nan, babu canjaras, babu faɗawa ƙaramar gasa. A tsarin 2021, wanda ya zo na ɗaya a rukuninsa ya wuce zagayen cin kofi kai tsaye. Saura kujera biyu a kowane gida ta ƙofar baya, ga ƙungiyoyi biyu mafi yawan nasara cikin waɗanda ba su ci rukuni ba, su ma sai sun kara wasa ɗaya tak, wanda aka ci ya koma gida. Ƙofar bayan nan a wannan shekarar a kulle take ga Atlanta. San Francisco Giants ta ci wasa 107 a rukunin yamma, Los Angeles Dodgers ta ci 106 amma ta ƙare a ta biyu, ta riƙe kujera ɗaya. St. Louis Cardinals ta jera nasara 17 a Satumba ta ƙare da 90, ta riƙe ɗayar. Atlanta da 88 ta ƙare. Da a wani rukunin take, da kallo za ta yi a talabijin. Hanya ɗaya ce gare ta, rukunin gabas.

To a nan lissafi na farko ya shigo, tazarar wasa. Ana ɗebe nasarorinka daga na wanda ke kan gaba, a ɗebe rashin nasararsa daga taka, a haɗa su a raba biyu. A hutun tsakiyar kaka New York Mets tana da 47 da 40, Atlanta 44 da 45. Bambancin nasara 3, bambancin rashin nasara 5, jimla 8, rabinsa 4. Wasa huɗu ne kacal tsakaninsu, ga wasa sama da 70 a gaba. A jadawalin wancan lokacin kowace ƙungiya tana haɗuwa da kowace abokiyar rukuninta sau 19, wasa 76 ke nan cikin gida. Duk wasan da ka ci wanda ke gabanka, tazara ta ragu da ɗaya cif. Tazarar huɗu a Yuli, jerin wasanni biyu masu kyau suna iya shafe ta.

Lissafi na biyu shi ne wanda masu kallon teburi kaɗai ba sa gani: bambancin makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta. A besbol sa'a tana da babban rabo a wasan da aka tashi da tazarar maki ɗaya. Ƙungiya za ta lallasa abokiyar karawa 10 da 2 yau, gobe da jibi a ci ta 3 da 2, teburi ya nuna ta ci ɗaya an ci ta biyu, alhali ta ci maki 14 an ci ta 8. Idan wasanni suka yi yawa, jimlar maki ta fi teburi faɗin gaskiyar ƙarfin ƙungiya. Bill James, masanin lissafin besbol, shi ne ya fito da hanyar aunawa: ka ninka makin da aka ci da kansa, ka ninka wanda aka bayar da kansa, ka raba na farko da jimlar biyun. Atlanta ta ƙare kakar da maki 790, aka ci ta 656, rarar 134. Idan aka bi lissafin, yana ba da kusan kashi 59 cikin ɗari, wato ƙungiyar da ta cancanci nasara kusan 95. Mets da Philadelphia Phillies kuwa duka biyun sun ƙare an ci su maki fiye da wanda suka ci. Tun a Yuli alamar tana nan: Atlanta tana ƙasa da rabi a teburi amma makinta yana da rara. Ƙungiya ce mai kyau da ke zubar da wasannin da aka matse, sau da yawa a zangunan ƙarshe cikin taran da ake bugawa a wasa, bayan majefin farko, wato mai jefa wa masu bugu ƙwallo, ya sauka.

Alex Anthopoulos, ɗan Kanada da ke riƙe da ragamar saye da musayar 'yan wasan Atlanta, ya taɓa ganin irin wannan. A 2015 yana Toronto Blue Jays, ƙungiyar tana da 50 da 51 a ƙarshen Yuli, amma rarar makinta mai yawa ce. Ya sayo Troy Tulowitzki da David Price, suka ƙare da 93 da 69, suka ci rukuninsu karon farko tun 1993. Wanda ya taɓa cin kasuwa da irin wannan karatu, ba zai ji tsoron sake shi ba. Bambancin shi ne a Toronto ya biya da manyan matasa, a Atlanta kuwa kusan kyauta ya yi cefanen.

Kafin cefanen, a dubi ramin da ake son cikewa. Ba Acuña kaɗai aka rasa ba. Marcell Ozuna ya karya yatsu a ƙarshen Mayu, matsalar shari'a ta biyo baya, bai sake bugawa ba a kakar. Cristian Pache, matashin da aka fara kakar da shi a tsakiyar bayan fili, bai iya bugu ba, rauni ma ya same shi. Masu tsaron bayan fili uku da aka buɗe kaka da su duk babu. Travis d'Arnaud, mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, ya ji rauni a babban yatsa a farkon Mayu, bai dawo ba sai Agusta. Mike Soroka, majefin da ya haska a 2019, jijiyar diddigensa ta sake tsinkewa, bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba. Huascar Ynoa, wanda ya fara kakar da kyau, ya naushi benci saboda haushi ya karya hannun da yake jifa da shi. A jerin masu bugu tara, gurbi uku ko huɗu na hannun waɗanda a ƙa'ida 'yan jiran ko-ta-kwana ne.

Wannan shi ne abin da ya sa cefanen ya yi tasiri, kuma shi ne ake yawan mantawa. Idan gurbi yana hannun gwani ka kawo wanda ya fi shi, ribar kaɗan ce, kuɗin kuma da yawa. Idan gurbi yana hannun wanda bai kai matsakaici ba ka kawo matsakaici, ribar babba ce, farashin ƙarami. Masu lissafin besbol suna ɗaukar maki goma a matsayin nasara ɗaya. Gurbi uku da kowanne ya ƙaru da maki takwas ko goma a wata biyu, nasara biyu zuwa uku ke nan, a tseren da tazararsa huɗu ce. Ba a nemi wanda zai maye Acuña ba, domin babu shi a kasuwa. An nemi a daina ba abokan karawa zango na hutu duk lokacin da aka zo ƙarshen jerin masu bugu.

Ranar 15 ga Yuli aka ɗauko Joc Pederson daga Chicago Cubs, aka ba da matashi Bryce Ball. Lokacin yana da muhimmanci. Kwana biyar bayan raunin Acuña, kafin a dawo daga hutu, 'yan wasa suka ga ofis bai ɗaga hannu ba. Ranar 30 ga Yuli, ranar rufe musaya, aka ƙara uku. Jorge Soler daga Kansas City Royals, a madadin Kasey Kalich. Adam Duvall daga Miami Marlins, a madadin Alex Jackson. Eddie Rosario daga Cleveland, a madadin Pablo Sandoval, wanda Cleveland ta sallama nan take. An kuma ɗauko majefin canji Richard Rodríguez daga Pittsburgh Pirates. Babu ko ɗaya daga cikin manyan matasan Atlanta da ya fita.

Me ya sa suka yi arha? Soler yana buga .192 a Kansas City, wato cikin kowane bugu goma, masu kyau ba su kai biyu ba, ga kwantiraginsa yana ƙarewa a ƙarshen kaka. Amma shi ne ya buga homron 48 a 2019, ya fi kowa a American League, kuma na'urorin auna gudun ƙwallo daga sanda suna nuna ƙarfin bugunsa bai tafi ko'ina ba. A makon da ya gabaci musayar ma ya fara jera homron. A Atlanta ya buga .269 da homron 14 a wasa 55. Rosario kuwa da rauni a ciki aka sayo shi, bai fara bugawa ba sai ƙarshen Agusta, an saye shi ne don Satumba da abin da zai biyo baya. Duvall tsohon ɗan gida ne, sun san shi: yana yawan kuskuren ƙwallo, amma idan ya same ta sai ta bar fili, kuma yana tsaron baya da kyau. Ya ƙare kakar da homron 38, ya shigo da maki 113, ya fi kowa a National League. Mutum huɗu ga gurbi uku ba almubazzaranci ba ne. Pederson da Rosario da hagu suke bugu, Soler da Duvall da dama, kuma mai bugu yakan fi jin daɗin majefin da ke jifa da ɗaya hannun. Koci Brian Snitker ya samu damar duba wanda zai yi jifa a ranar ya zaɓi wanda ya dace, ya ajiye ɗaya a benci don zango na bakwai ko na takwas.

Duk da haka, wanda ya ce su huɗun ne suka ci rukunin ya rage wa wasu haƙƙinsu. Nauyin yana kan masu tsaron cikin fili, inda tashoshin da mai bugu ke zagayawa ya ci maki suke. Freddie Freeman a tasha ta ɗaya ya fara kakar a sanyaye, ya ƙare da .300 da homron 31. Ozzie Albies a ta biyu, homron 30. Dansby Swanson tsakanin ta biyu da ta uku, 27. Austin Riley a ta uku, wanda a Afrilu wasu magoya baya ke neman a zaunar da shi, ya ƙare da .303, homron 33, ya shigo da maki 107. Ƙungiya ta biyu ke nan a tarihin MLB da masu tsaron cikin filinta huɗu duk suka kai homron 25, bayan Marlins ta 2008. Kuma kusan kowane wasa su huɗun suna nan, abin da ba ƙarami ba ne a kakar da rauni ya cinye sauran gurabe. Riley ne babban canjin: ya rage bin ƙwallon da ke lanƙwashewa ta fita waje a ƙasa, wadda da ita majefa suke kama shi tun 2019, ya koma jiran wadda zai iya bugawa.

Akwai gyaran da ba a yi masa taron manema labarai ba. A farkon kakar Atlanta tana cikin ƙungiyoyin da ba su cika sauya wa masu tsaro wuri ba. Daga watan Mayu suka koma yawan yi: idan bayanai sun nuna mai bugu yakan ja ƙwallo gefe ɗaya, sai a tura mutum uku can a bar ɗaya a ɗaya gefen. Ƙwallon da ke birgima a ƙasa, wadda da za ta ratsa, sai ta faɗa hannu. Majefi bai canja komai ba, amma makin da ake cinsa ya ragu. MLB ta haramta wannan dabarar daga 2023, yanzu dole mutum biyu a kowane gefen tasha ta biyu, saboda haka wanda ke son kwaikwayon Atlanta yau ya rasa wannan makamin.

Sai jifa. Max Fried ya fara kakar da rauni da ɗimbin maki a kansa, amma a rabi na biyu matsakaicin makin da ake cinsa a zango tara ya sauko ƙasa da biyu, ya ƙare da 3.04. Charlie Morton, mai shekara 37, ya fitar da mutum 216 da jifa zalla, matsakaicinsa 3.34. Amfanin majefin farko da ke kaiwa zango na shida ko na bakwai ba a lambobinsa kaɗai yake ba. Wasa zango tara ne, kowane zango sai an fitar da mutum uku, 27 ke nan. Idan na farko ya sauka a zango na huɗu, majefan canji sai sun fitar da 15, dole a kira na biyar da na shida a inganci, gobe kuma nagartattun sun gaji. Idan ya kai na bakwai, saura shida, aikin mutum biyu ko uku mafi kyau. Da haka Luke Jackson da Tyler Matzek da Will Smith, mai rufe wasa, suka samu tsari, kowa ya san zangonsa. A.J. Minter ma sai da aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Gwinnett a Yuli, ya gyara ya dawo.

Abin dariya, farfaɗowar ba nan take ta zo ba. Bayan hutu sun yi sama da wasa goma sha biyar a jere suna ci yau a ci su gobe, kamar da gangan. Sai a makon farko na Agusta, bayan sun share Cardinals wasa uku a St. Louis, nasararsu ta haura rashin nasara karon farko a kakar. Daga nan jadawali ya yi musu sassauci. Washington Nationals ta riga ta sayar da Max Scherzer da Trea Turner ga Dodgers, ta zama ƙungiyar matasa. Atlanta ta yi tafiyar wasa tara zuwa Washington da Miami da Baltimore ta cinye duka. Kasuwar ƙarshen Yuli tana da fuska biyu: mai saye yana ƙara ƙarfi, mai sayarwa yana raunana, kuma idan mai sayarwar a rukuninka yake, sau da dama za ka sake haɗuwa da shi.

A daidai wannan lokacin Mets ta faɗa rami. Jacob deGrom, wanda babu majefin da ya kama ƙafarsa a rabin farko, bai sake jifa ba bayan 7 ga Yuli saboda ciwon hannu. Phillies ta share su wasa uku a farkon Agusta ta karɓe saman teburi na ɗan lokaci. Sannan suka shiga wasa 13 a jere da Dodgers da Giants, suka ci biyu kacal. Ƙungiyar da ta kwana sama da 100 tana ta ɗaya ta ƙare da 77 da 85. Su ma sun yi cefane, sun ɗauko Javier Báez daga Cubs, kuma Báez ya buga da kyau, amma bai hana faɗuwar ba, ga shi sun ba da Pete Crow-Armstrong, matashin da daga baya ya zama babban ɗan wasa a Chicago. Hanya ɗaya Atlanta da Mets suka bi a rana ɗaya. Ɗaya tana da rarar maki da ramuka masu arhar cikewa, ɗaya teburinta ya fi ƙarfinta kuma gwarzon majefinta yana jinya. A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata a ɗora duk wata ƙungiya mai cewa ta farfaɗo a Yuli: shin teburi ne yake ƙaryar rauninta, ko kuwa makonni biyu na sa'a ne suke ƙaryar ƙarfinta.

Saura Phillies, wadda Bryce Harper ya ɗauka a kafaɗa har ya zama gwarzon National League na shekarar. Ranar 28 ga Satumba suka iso Truist Park, filin Atlanta da ke jihar Jojiya, tazara biyu da rabi. A nan ake amfani da lissafi na uku, lambar rufe ƙofa: 163 a ɗebe nasarorin na gaba, a ɗebe rashin nasarar na biyu. Atlanta tana da nasara 83, an ci Phillies 75, saura 5. Kowace nasarar Atlanta tana rage ɗaya, kowace faɗuwar Phillies tana rage ɗaya, saboda haka idan su biyun suka haɗu, wasa ɗaya yana cin biyu. Morton ya doke Zack Wheeler 2 da 1, lamba ta koma 3. Fried ya ci 7 da 2, ta koma 1. Ian Anderson ya fara na uku, aka tashi 5 da 3, ƙofa ta rufe. Ba hatsari ba ne manyan majefansu uku suka faɗo a waɗannan ranakun, an jera su ne tun da wuri don haka. Kambun rukuni na huɗu a jere ke nan tun 2018, da tazarar shida da rabi. Wasa 161 suka buga, domin wanda ruwan sama ya hana da Colorado Rockies ba a ga amfanin rama shi ba.

Magoya bayan Atlanta suna son ambaton wata lamba. Hank Aaron, babban gwarzon ƙungiyar, mai riga lamba 44, ya rasu a Janairun wannan shekarar. Ƙungiyar ta ci wasa 44 kafin hutu, ta ci 44 bayansa. Bambancin yana ɗaya gefen: an ci ta 45 kafin hutu, 28 bayansa.

A Oktoba ne cefanen Yuli ya biya riba mafi tsoka, shi ya sa ma ake tuna shi fiye da komai. Pederson ya taso daga benci ya buga homron biyu a karawa da Milwaukee Brewers, aka wuce 3 da 1. Rosario, wanda aka saya yana jinya, ya yi bugu mai kyau 14 a wasa shida da Dodgers, ya zama gwarzon zagayen. Soler, wanda cutar korona ta hana shi yawancin wancan zagayen, ya dawo ya buɗe World Series da homron a bugun farko, ya ƙara biyu, ya zama gwarzon karawar da Houston Astros, wadda aka rufe 7 da 0 a wasa na shida, kofin farko tun 1995. Lokacin da korona ta ɗauke Soler, mutum na huɗun nan da ake ganin ya yi yawa shi ne ya shiga gurbinsa.

Daga 2022 an faɗaɗa zagayen cin kofi zuwa ƙungiya 12, kujerun ƙofar baya sun zama uku a kowane gida, daga 2023 kuma haɗuwa da abokin rukuni ta ragu daga 19 zuwa 13. Ƙungiyar da ke tsaka-tsaki a Yuli yanzu ta fi samun dalilin ƙin sayarwa, masu sayarwa sun ragu, irin su Soler da Rosario sun ƙara tsada, wasannin da za ka rage tazara da hannunka kuma sun ragu da shida a kan kowane abokin hamayya.